Gero a Gona, Gero a Rumbu: A Wane Asusu Kuɗin Fanshonka Yake Kwana?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Muna gaida mutanen Mashi da kewaye, na Doguru da Majigiri da Karau da Tamilo. Muna gaida na Dutsi da Shargalle da Mani, har zuwa Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure. Na gona sannunku da aiki, na bisa hanya Allah Ya kai ku lafiya.

Yau zancen fansho za mu yi. In an ce fansho, hankalin kowa kan tafi ranar biya: yaushe za a ba ni, nawa za a ba ni. Mu yau baya za mu koma kaɗan, mu leƙa inda kuɗin yake kwana tun daga watan da aka cire shi a albashi har ranar da mutum zai ajiye aiki. Shekara 30 ko 35 ba kwana biyu ba ce, kuma a tsakanin nan ne ake samu, a nan ake rasawa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. A cikin 2018, wani kawuna ma'aikacin gwamnatin tarayya, lokacin yana da shekara 52, ya aiko yaro ya kira ni bayan la'asar. Na iske shi a ƙofar gida bisa tabarma, tabarau a kan karan hanci, ya miƙe hannu da waya can nesa da fuska yana ta ƙifta ido. Ko gaisuwar ba mu gama ba ya miƙo mini.

Ya ce, "Zauna ɗan nan. Duba mani saƙon ga. Wai an maida ni na uku."

Na ce, "Na uku a ina, Kawu?"

Ya ce, "Wajen fansho mana! Akwai wani yaro a ofishinmu, jiya-jiya aka ɗauke shi aiki, shi an bar shi na biyu. Ni da na yi shekara 27 ina bauta wa ƙasa an jefa ni na uku. Mi na yi masu?"

Na karanta saƙon, dariya ta so ta kufce mini, sai na ga fuskarsa ba wasa, na haɗiye abata. Na ce, "Kawu, wannan ba sakamakon jarrabawa ba ne. Ɗakuna ne a gida ɗaya, kuma shekarunka suka kai ka wanda kake ciki." Ya ce in yi masa gwari-gwari. Bayanin da na yi masa ran nan, da abin da na ƙara koya daga baya, shi na kawo muku yau.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Da farko, wa wannan zance ya shafa? A 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi dokar da ta kawo fanshon karo-karo. A 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka sabunta ta. Bisa dokar 2014, duk wata ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Kuɗin suna shiga wani asusu mai sunanka da lambarka kai kaɗai. Kamfanin kula da fansho da ka zaɓa shi ke juya su, wani kamfanin daban ke riƙe da ajiyar, hukumar PenCom kuma tana sa ido a kan duka biyun. Ma'aikatan tarayya suna ciki, 'yan sanda suna ciki, haka malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da ma'aikatan bankuna da na kamfanoni masu zaman kansu. Sojoji an ware su. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma kuwa, kowace jiha da dokarta, don haka ka tambayi ofishin fanshonku ko ƙungiyarku wane tsari kuke bi. A ƙarshen 2024 dukiyar da ta taru a wannan tsari ta haura naira tiriliyan 22, masu asusu kuma sun fi miliyan 10.

To, ina ake kai waɗannan kuɗi? Ba a tulu ake zuba su a binne ba. Jari ake sakawa da su, kuma wuraren da ake sakawa sun kasu manyan gida biyu.

Gida na farko shi ne takardun lamuni. Gwamnatin tarayya, ta hannun Ofishin Kula da Basussuka, takan ce: a ba ni rancen kaza na shekara kaza, duk wata 6 zan biya kaza, ranar da wa'adi ya cika in mayar da uwar kuɗi. Tun ranar da aka shiga an san abin da za a samu. Fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan a irin waɗannan takardu na gwamnati yake.

Gida na biyu shi ne hannun jari. A nan sayen wani yanki na kamfani ake yi a kasuwar hannayen jari da ke Legas: Dangote Cement, ko BUA, ko MTN, ko wani banki. In kamfani ya ci riba a raba da kai, in darajarsa ta tashi taka ta tashi. In ta faɗi kuwa, tare za ku sha ƙasa. Ba wanda ya yi maka alkawarin komai.

Manomin Mashi ya san wannan bambanci ko bai taɓa shiga banki ba. Gero iri biyu ne a wajen mai gida: akwai na rumbu, akwai wanda aka zuba a ƙasa. Na rumbu ka san yawansa, dami kaza ne, gobe ma dami kaza za ka iske. Wanda ka shuka kuwa, tiya ɗaya tana iya dawo maka da dammuna masu yawa, tana kuma iya tafiya a banza in ruwa ya ɗauke ko fari suka sauka. Takardun lamuni geron rumbu ne. Hannun jari geron gona ne. Ba mai hankalin da zai kwashe rumbu kaf ya shuka, ba kuma mai hankalin da zai ƙi shuka don tsoron fari. Duk rigimar a kan rabo take: nawa za a bari a rumbu, nawa za a kai gona.

(Kiɗa)

Wani zai ce, to mai gabatarwa, tun da rumbu ba ya ci amana, me ya sa ba za a zuba duka a can a huta ba? Wani kuma, mai zafin nema, zai ce a kai duka gona. Kowanne akwai labarin da ya kamata ya ji.

Mai zafin nema, saurara. A ranar 5 ga Maris 2008, ma'aunin farashin hannayen jari na Najeriya ya hau inda bai taɓa hawa ba, ya wuce maki 66,000. Lokacin ne ake ta tallan hannun jarin bankuna a rediyo da talabijin, malamin makaranta da mai shago kowa yana cike fom, wasu har rance suka ci suka saya. Kafin shekara ta zagayo, kasuwar ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta. Kun san yaushe ma'aunin ya sake taka inda yake a da? Sai a watan Agustan 2023. Shekara 15 cur da 'yan watanni. Saurayin da ke da shekara 28 a 2008 yana iya jira, domin a 2023 shekararsa 43, yana nan yana aiki, kuma duk tsawon lokacin da kasuwa take ƙasa, gudummawarsa ta wata-wata da araha take saye. Amma dattijon da ke da shekara 57 a 2008, saura masa shekara 3, da me zai yi jiran shekara 15? Cefanen gidansa ba zai jira ba.

Mai son rumbu kaɗai, kai ma saurara. Rumbu yana da nasa ɓarawon, kuma ba ya fasa ƙofa. Ƙwaro ne, yana ci daga ciki, dami yana nan yadda yake amma in ka sussuka sai ƙaiƙayi. Ƙwaron kuɗi shi ne hauhawar farashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira, duk mun ga yadda kuɗin tiya ya koma a kasuwar Mashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anarsa, abin da naira miliyan 1 ta saya a Disamban 2023, sai ka ba da kusan naira 1,348,000 kafin ka same shi bayan shekara ɗaya. In kuɗinka ya ƙaru da kashi 15 a wannan shekarar, lambar da ke waya ta hau, amma buhunan da za ta saya sun ragu. Kuma a waɗannan shekaru biyu, kasuwar hannun jari ta tashi da kusan kashi 46 a 2023, da kusan kashi 38 a 2024. Wanda ya ƙi gona gaba ɗaya, wannan damina ta wuce shi.

Kun ga ke nan, kowane gida da nasa haɗarin. Abin da ke raba gardama shi ne shekarun da suka rage maka kafin ka buƙaci kuɗin.

(Kiɗa)

A kan wannan tunani ne PenCom ta raba asusun fansho gida-gida, daga watan Yulin 2018. Kafin nan, duk masu aiki, yaro da babba, a tukunya ɗaya ake dafa kuɗinsu. Ga yadda aka tsara a lokacin da aka fara.

Asusu na Ɗaya, na masu zafin nema. An yarda a kai har kashi 75 cikin 100 na kuɗin wajen hannun jari da makamantansa. Ba a sa kowa a ciki sai wanda ya nema a rubuce, kuma wanda ya kai shekara 50 ba ya shiga.

Asusu na Biyu, nan ake ajiye duk mai shekara 49 zuwa ƙasa in bai ce komai ba. Iyakarsa kashi 55.

Asusu na Uku, nan ake mayar da wanda ya cika 50 yana aiki. Iyakarsa kashi 20. Ɗakin da aka kai Kawu ke nan.

Asusu na Huɗu, na waɗanda suka riga suka yi ritaya. Iyakarsa kashi 10.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, waɗannan lambobi iyaka ce, ba a ce dole sai an kai ta ba, kuma sau da yawa kamfanoni ba sa kusantarta. Na biyu, hukumar takan sake duba su lokaci-lokaci, don haka lambar da ke aiki yau a bakin kamfaninka za ka ji ta. Amma tsarin bai canza ba: gwargwadon yadda ka matsa kusa da ritaya, gwargwadon yadda ake kwaso geronka daga gona ana mai da shi rumbu.

Wannan dabara ba a nan aka fara ta ba. A Amurka, tun farkon shekarun 1990 suke da wani irin asusun ritaya da ake rubuta wa shekara a goshi: asusun 2030, asusun 2045, asusun 2060. Ka duba shekarar da kake sa ran ajiye aiki, ka shiga mai ɗauke da ita. A manyan kamfanoninsu irin su Vanguard, matashi yakan fara da kusan kashi 90 a hannun jari, ana ta ragewa sannu a hankali, har ya zama kusan rabi a shekarar ritaya. Wata doka ta 2006 ta ba kamfanoni damar zuba ma'aikacin da bai zaɓi komai ba a irin wannan asusu, shi ya sa ya yaɗu. Can, in mutum yana son ƙarin hannun jari, sai ya bar asusun 2035 ya koma na 2045, ko da ba a shekarar zai yi ritaya ba. In kuma yana son kwanciyar hankali, sai ya ja baya zuwa na 2030. Da canza asusu yake gyara rabon gonarsa da rumbunsa.

Su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2008, asusun da aka rubuta wa 2010, wato na mutanen da saura masu shekara 2 su huta, sun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu in aka haɗa su aka raba. Da yawa daga masu kuɗin sun ɗauka tun da ritaya ta matso an riga an kwashe komai zuwa rumbu. Ashe suna kawai suka karanta, ba su leƙa ciki ba.

Nasu gangare ne, ana sauka a hankali kowace shekara. Namu matakala ce: kana Asusu na Biyu, ranar da ka cika 50 sai ka taka ƙasa zuwa na Uku. A nan ne ya kamata mai sauraro ya buɗe kunne da kyau.

(Kiɗa)

Shekara 50 awo ne na kowa da kowa, kamar rigar da tela ya ɗinka bai ga mai sawa ba. Tana yi wa mafi yawa daidai, amma ba duka ba. Mu ɗauki misalin mutum biyu, dukansu sun cika 50 a bana.

Na farko ya shiga aikin gwamnatin tarayya yana ɗan shekara 20. Ƙa'idar aiki ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi tasa 35 za ta cika yana da 55. Saura masa shekara 5. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da shago, 'ya'ya uku suna makaranta. Wannan bawan Allah Asusu na Uku ya dace da shi kamar don shi aka yi.

Na biyu malami ne mai koyarwa a babbar makarantar tarayya, inda ake ritaya a shekara 65. Farfesoshi ma sai 70. Malaman firamare da sakandare kuwa, dokar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai nasu shekara 65 ko 40 a bakin aiki. Wannan malami saura masa shekara 15. Yana da gonar gado, yana da 'yan shanu a wajen Fulani, matarsa tana sana'a. In aka rufe kuɗinsa a rumbu shekara 15 alhali farashi yana hawa, ƙwaro zai yi masa ɓarna. Doka ta ba shi dama ya rubuta ya nemi a mai da shi Asusu na Biyu. Na Ɗaya dai ya wuce shi, amma na Biyu a buɗe yake.

Haka matashi. Ɗan shekara 27 da ya fara aiki, yana da damuna fiye da 30 a gabansa, yana iya neman Asusu na Ɗaya. Amma kafin ya cike fom, ya yi wa kansa wannan lissafi. A ce kana da naira miliyan 1. A ce rabinta na hannun jari, kasuwa ta faɗi da kashi 30. Za ka buɗe waya ka ga naira 150,000 ta tafi. In kashi 10 ne kawai a hannun jari, abin da za ka rasa 30,000 ne. Tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah: ranar da na ga dubu 150 ta ragu, zan iya barci? In amsar ita ce za ka kwana kana juyi, da safe ka hau mota zuwa Katsina ka ce a fitar da kai, to zauna inda kake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba. Doka ta yarda wanda bai kai 50 ba, in ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, ya karɓi har kashi 25 na abin da ya tara. Tun 2022 kuma ana iya amfani da har kashi 25 wajen biyan kafin alƙalami na rancen sayen gida. In aikinka na kamfani ne mai tangal-tangal, ko kana shirin gida nan da shekara 2, to wani ɓangare na kuɗin nan ba na nesa ba ne, na kusa ne. Sa wannan a ma'auni.

Tambayoyin dai uku ne. Shekara nawa ta rage mini? Ban da fansho, me nake da shi? In na ga asara a takarda, zan iya daurewa?

(Kiɗa)

Yanzu ga babban kuskuren da ake yi. Kasuwa ta tashi shekara biyu a jere, abokin aiki ya nuna maka wayarsa, ka ga nasa ya fi naka hawa, sai ka ruga Asusu na Ɗaya. Bayan wata shida kasuwa ta juya, tsoro ya kama ka, ka ruga ka koma. Ka saya da tsada, ka sayar da araha. A wajen fansho, kuɗinka kaso-kaso ake saya maka da su, kowane kaso da farashinsa na ranar. In farashi ya faɗi, yawan kasonka yana nan. Kamar mai buhu 10 na gero ne a ɗaki: in kaka ta yi, farashi ya karye, buhunansa 10 ne har yanzu. Asara ba ta tabbata a kansa sai ranar da ya kira mai awo. Canza asusu cikin firgici kiran mai awo ne ana tsakiyar kaka.

Dalilin canji na ƙwarai daga rayuwarka yake fitowa: shekarunka sun matsa, lokacin ritayarka ya canza, nauyin gida ya ƙaru ko ya ragu. Abin da aka faɗa a majalisa ko aka turo a WhatsApp ba dalili ba ne.

Sai maganar da na san tana ran da yawa daga masu saurarenmu, maganar kuɗin ruwa. Takardun lamunin gwamnati na yau da kullum ruwa suke biya, kuma mutane da dama hankalinsu bai kwanta da haka ba. A 2021 PenCom ta buɗe Asusu na Shida, wanda aka tsara bisa ƙa'idar kasuwanci marar ruwa, kuma majalisar masana da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara kan irin wannan harka ta amince da shi. Mai aiki yana iya shiga, ɗan fansho ma yana da nasa ɓangaren. A nan, maimakon takardun ruwa, ana neman sukuk, inda kuɗin haya ake biyan ka a kan wata kadara ta zahiri. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko a watan Satumban 2017, na naira biliyan 100, aka zuba a ayyukan hanyoyi, ciki har da faɗaɗa hanyar Kano zuwa Katsina. Wanda ya bi ta ya ga allunan. Sai dai a kula: ɓangaren masu aiki na Asusu na Shida, iyakar hannun jarinsa ta fi kusa da ta Asusu na Biyu. Dattijon da zai bar na Uku ya koma can, ya tambaya a gaya masa yadda aka raba kuɗin a lokacin, da kuma nawa ne daga ciki ya riga ya koma kayan da ba ruwa a cikinsu.

Wani zai ce an tsallake na Biyar. Wannan na masu sana'ar kansu ne: tela, mai shayi, direba, dillalin kara a Mai'aduwa, mai ƙosai. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2019. Kai ke zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Shi kaɗai shiri guda ne, za mu waiwaye shi wani makon in Allah Ya yarda.

To yaya ake yin canjin? Da farko nemo takardar bayanin asusunka, ko ka duba saƙon waya ko manhajar kamfaninka. Za ka ga kalmar Fund da Turanci, kusa da ita lambar Romawa: sanda ɗaya, sanda biyu, ko sanda uku. Ɗakinka ke nan. Daga nan ka je ofishin kamfanin, da yawansu suna da reshe a cikin Katsina, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Mashi. Ka ce a nuna maka kashi nawa na asusunka ke hannun jari a yanzu, da abin da kowane asusu ya samar a shekara 3 ko 5 da suka wuce, ba na wata ɗaya ba. In ka gamsu, ka cike fom. Canji ɗaya a cikin wata 12 kyauta ne, in ka ƙara za a caje ka. Kada ka ba kowa ko sisi a bayan fage, kada ka karanta wa wani baƙo lambobinka a waya. In an ƙi saurarenka, PenCom tana da ofishin shiyya a Kano.

Kuma kada a haɗa canza asusu da canza kamfani. Canza asusu sauya ɗaki ne a cikin gida. Canza kamfani tashi ne daga gidan gaba ɗaya, kuma tun watan Nuwamban 2020 aka buɗe wannan ƙofa, sau ɗaya a shekara. Wani yakan tashi daga gida alhali ɗakin ne bai dace da shi ba.

Mata ma'aikata, malaman jinya da malaman makaranta da na banki, asusun nan da sunanki yake. Ki duba da idonki, ki yi shawara da maigida ko wani na gida da ya san harkar, amma sa hannun naki ne.

(Kiɗa, ya lafa)

Mu koma ƙofar gidan Kawu. Ran nan da na gama bayani, ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Ya ce saura masa shekara 8, gonarsa ba ta kai shi bazara, ga 'yan mata biyu da za a aurar. Ya ce, "To a bar ni na ukun. Ashe gata aka yi mani."

Bayan an buɗe Asusu na Shida, ya shirya da kansa ya tafi Katsina. Ya ce ya zaunar da yaron ofishin kusan awa guda, sai da aka buga masa takarda aka nuna masa inda kowace naira take. Ya dawo gida, ya kwana biyu yana nazari, ya je ya yi shawara da limamin unguwa, sannan ya koma ya sa hannu.

Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, da aka maida ka na uku har aike ka yi a kira ni. Yanzu ga shi ka gangara na shida, ban ji ka yi ƙorafi ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Wancan jefa ni aka yi ban san ina na faɗa ba. Wannan da ƙafata na shiga."

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da dare, bayan isha'i, ɗauko wayarka ko takardarka ka ga sanda nawa aka ja a gaban sunanka, sannan ka ƙirga shekarun da suka rage maka. In sun dace da juna, alhamdu lillahi. In ba su dace ba, ka san hanyar Katsina.

A nan za mu dakata. Allah Ya sa mu gama aiki lafiya, Ya sa mu ci guminmu da ƙoshin lafiya. Sai mako mai zuwa in Mai Duka Ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)